Jirgi a Cikin Akwati

Da yawa daga cikin jiragen saman da suka bar tarihi a ƙasar nan ba da fukafukansu suka iso ba. A akwatunan katako aka kawo su, gangar jiki daban, fiffike daban, farfela a naɗe, ga kuma takardar da ke nuna inda kowane yanki zai zauna. Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin ɗan jirgin roba na harhaɗawa, irin wanda ake liƙawa da gam, a shafe da fenti, a ɗora bisa kanta, ya san wannan tsari, don shi ne dai aka ƙanƙance. Kaduna ta ga babban, ta ga ƙaramin. Ta kuma ga wani na uku da babu kamfanin da ya taɓa zuba shi a kwali, wato jirgin kara da na gwangwani da yara ke ƙerawa a bakin lungu, tun daga Kawo har Unguwar Boro.

Na farkon farko dai da kansu suka zo. Ran 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan da Cadi, suna yada zango suna shan mai, har suka dira Kano ran 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage ne masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, ƙashinsu katako, fatarsu yadi da aka ɗame, ga wayoyi sun ɗaure sama da ƙasa. Abin da aka yi da sanduna da tsumma da waya kuwa, yaro mai kara da 'yar wuƙa na iya kallonsa ya ce shi ma sai ya gwada. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe jigila daga Khartum zuwa Kano, daga baya ya miƙa har Legas, Kaduna tana cikin wuraren da ake sauka.

Zancen akwati ya fara ne da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama hanyar da jirgin ruwan Ingila ba ya ratsawa lafiya. Ga shi ana neman jiragen yaƙi a Masar ido rufe, kewayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuwa makonni take ci. Sai aka yi dabara: a wargaza jirgi a Ingila, a kawo shi ta ruwa zuwa Takoradi da ke Gana ta yau, a mayar da shi yadda yake, sannan ya ƙetare Afirka da fiffikensa. A watan Agustan shekarar gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, abin da ya buɗe filin Fort Lamy, N'Djamena ta yanzu. A Satumba ayarin farko ya tashi, Blenheim ɗaya a gaba yana nuna hanya, Hurricane shida na biye. Daga Legas sai Kano, sai Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. 'Yan Afirka ne suka sauke akwatunan, suka share filayen sauka, suka gungura durorin mai, ko da yake littattafan yaƙin sunayen matuƙa suka fi riƙewa.

Shi kuwa ƙaramin, haifaffen Ingila ne, ya ma girmi yaƙin da 'yan shekaru. A 1932 wani saurayi, James Hay Stevens, ya tsara jerin 'yan jirage na katako da aka sayar da sunan Skybirds. Ba shi ya fara sassaƙa jirgi ba. Abin da ya kawo shi ne ma'auni guda ga duk jerin: inci ɗaya a madadin ƙafa shida, wato kashi ɗaya cikin 72. Da wannan, in ka jera jirage biyu a tebur, girman da wancan ya fi wannan shi ne girman da ya fi shi a fili. Spitfire, wanda faɗin fukafukansa ya ɗara mita 11, zai dawo santimita 15 da rabi. Mutum mai matsakaicin tsayi zai dawo santimita biyu da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan. Har yau 1:72 ne ma'aunin da aka fi sani a wannan fanni. A 1936 kamfanin FROG ya fito da jerin Penguin, na farko da aka zuba da roba, sai dai robar wancan zamani takan murɗe in ta daɗe.

Yaƙi ya mai da wasan aiki. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata 'yan jirage 500,000 a wannan ma'auni, a shafe su da baƙin fenti. Dalili kuwa, mai bindigar harbo jirgi ba launi yake gani ba, inuwa yake gani, kuma cikin daƙiƙoƙi zai yanke ko na gida ne ko na abokan gaba. Ɗan jirgin da aka rataye a tazarar ƙafa 35 daidai yake a ido da na gaske mai nisan kusan rabin mil. Da haka aka horar da idanun dubban sojoji.

Bayan yaƙi sabuwar roba mai araha da ba ta murɗewa ta wadata, sai Airfix ya shigo. Nicholas Kove, ɗan gudun hijira daga Hangari, shi ya kafa kamfanin a Landan a 1939, kuma da matajin kai ya fara kama kasuwa. A 1949 aka ba shi kwangilar 'yar tarakta ƙirar Ferguson ta talla. Sai aka ga biyan ma'aikata su harhaɗa ta yana cinye ribar, aka koma sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa abarsa. Kantunan Woolworths suka ce za su karɓi irin wannan kaya in farashin bai wuce sule biyu ba, don haka aka bar kwali aka koma leda da 'yar takarda a baki. Cikin shekarun 1950 Spitfire ɗin Airfix ya fito, ya kuma shiga gidaje ba adadi. Revell da Monogram suka taso a Amurka, Heller a Faransa, Tamiya da Hasegawa a yankin Shizuoka na Japan. A kula, wayon da ke ƙarƙashin sana'ar duka ɗaya ne: kamfani ya riƙe zane da mazubin ƙarfe, ya bar wa mai saye wahalar hannu, mai sayen kuma ya biya kuɗi yana murna.

To, a waɗannan shekarun ne kudancin kogin Kaduna ke zama abin da ya zama. Turawa sun matsar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, suka zauna a arewacin kogi da ofisoshinsu da barikokinsu. Kudu, ƙasar Gbagyi, ta samu mahaɗar jirgin ƙasa, daga baya ta samu masana'antu. Masaƙar Kaduna Textiles ta buɗe a Kakuri a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Lankasha. Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, ga masana'antar makamai ta DICON a 1964. A 1975 Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, su ma a akwati suke zuwa: kamfanin jiragen UTA ke kwaso sassan daga Liyon ta Faransa ya sauke a Kano, manyan motoci su ƙaraso da su Kaduna. A 1980 aka buɗe matatar mai a hanyar Kachia, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina. Unguwar Boro tana kan wannan hanya, gaba da Sabon Tasha, kafin a kai matatar, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Ta cika ne da irin mutanen da waɗannan ayyuka suka kira: Gbagyi masu ƙasa, Bajju da Atyap da Adara da Ham daga kudancin jiha, Ibo da Yarabawa da Tibi da Idoma da Hausawa. Hausa ce harshen kasuwa da na wasan yara.

Masana'anta kan zubar da shara, sharar masana'anta kuwa jarin yaro ce. Langa-langar da ake ɗaure dilar auduga da ta yadi, guntun waya, gwangwanin madara da na Bournvita, marfin kwalba, tsohon silifas da ake yanka tayoyi da shi, duk ba a bar su sun kwana a bola ba. Motar langa-langa ce sarauniya, amma jirgi ma yana da lokacinsa, musamman da kaka, in an girbe dawa kara ya wadata a gonakin bayan gari. Yadda ake yi ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi a Arewa. A samo busasshen kara, a ɓare ɓawon siri-siri, a bar farar tsokar ciki. Tsokar ita ce jiki, ɓawon shi ne ƙusa, shi ne kuma haƙarƙarin fiffike. A soka nan, a lanƙwasa can, a tsire 'yar farfela a hanci da tsinke yadda in mai shi ya ruga a guje za ta juya. Ba gam, ba takarda, ba ruwan kowa da awo. Tsawon fiffike shi ne tsawon gaɓar karan da aka samu.

A ganina an daɗe ana raina wannan aiki. Yaron da ya buɗe kwalin Airfix a Landan wani ya riga ya yi masa tunanin, nasa bin lamba ne. Na Kakuri ko Unguwar Boro kuwa jirgin ya hango a sama, na 'yan daƙiƙoƙi, daga ƙasa, ya riƙe siffar a ka, ya nemi kayan da kansa, ya warware yadda fiffike zai tsaya ba tare da ya faɗi ba. Wannan ya fi kusa da aikin mai zana jirgi. Abin da ya rasa shi ne abin da ɗan Landan ya samu a ɓagas: sanin cewa kowane yanki yana da gwargwadonsa, kuma ana iya rubuta gwargwadon nan a takarda har wani da bai taɓa ganin abin ba ya maimaita shi.

Abin kallo a sama kuwa bai yanke wa yaran Kaduna ba. An kafa rundunar sojan saman Najeriya da doka a watan Afrilun 1964, da taimakon Jamus ta Yamma, har shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. A Kaduna aka kafa makarantar koyon tuƙi, a sansanin da ke arewacin gari, da ƙananan jirage ƙirar Piaggio P.149D da Dornier Do 27. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin jiragen sama ta Zariya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyet. A watan Agusta manyan jiragen dakon kaya suka sauke MiG a Kano a wargaje, aka harhaɗa su a can, ga kuma L-29 daga Cekoslobakiya. Ɓangaren Biyafara ma ta akwati ya samu nasa: a 1969 wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kai ƙananan jirage biyar ƙirar MFI-9 ƙasar Gabon, aka haɗa su, aka ɗaura musu rokoki. Masu harhaɗa 'yan jirage a Turai suna son waɗannan jirage saboda launinsu da baƙuncinsu. Mutanen da aka jefa wa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci ba haka suke tuna su ba, kuma ya kamata mai ɗora MiG-17 bisa kanta ya san me ya ɗora.

Bayan yaƙi kuɗin mai ya shigo, jirage suka yi ta sauyawa: MiG-21 a tsakiyar shekarun 1970, Bulldog na koyon tuƙi, C-130, Alpha Jet a farkon shekarun 1980. Zamanin ne na manyan kantuna, su Kingsway da Leventis da UTC da Chellarams, inda ɗan babban ma'aikaci ke samun kayan wasa na Turai. Yawancin yaran kudancin kogi ba su shiga can. Ɗan jirgin da suka sani shi ne na ofishin sayar da tikiti, wanda ke tsaye bisa 'yar sandar ƙarfe a bayan gilashi, hancinsa a ɗage, da kore da fari na Nigeria Airways da tambarinta na giwa mai fukafukai. Daga baya na Kabo Air, da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano, da na Chanchangi, kamfanin Alhaji Ahmadu Chanchangi na nan Kaduna, suka shigo sahu. Alhazai ma sukan dawo da jirgin batir mai walƙiya cikin tsaraba, ya yi kwana biyu yana kuka a tsakar gida, a rana ta uku a farke shi a cire injin a sa wa na gwangwani.

Daga nan abubuwa suka juya da sauri. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta zube, kayan wasa na waje suka zama abin da ba a ko tambayar kuɗinsa, manyan kantunan suka yi ta rufewa. Masaƙun Kakuri suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles a 2007. Rikicin Kaduna na 2000 da na 2002 ya sa mutane da yawa suka kwashe kayansu suka ƙetare kogi, wasu kudu wasu arewa, unguwannin hanyar Kachia suka ƙara cika. A can Ingila ma Airfix ya durƙushe a 1981, ya yi ta sauya hannu har Hornby ya saye shi a 2006, yanzu kuma a Indiya ake zuba yawancin robarsa.

Abin mamaki, a tsakiyar wannan tsanani ne Kaduna ta yi harhaɗawa mafi girma a tarihinta na jiragen sama. Rundunar sojan sama tana neman abin da zai maye Bulldog, kuɗin waje kuma babu. Sai kamfanin AIEP, wanda daga baya aka sani da Dornier Aviation Nigeria, mai mazauni a tsohon filin jirgin Kaduna, ya ɗauko wani ɗan jirgi mai kujera biyu da ake kira RV-6A. Wani Ba'amurke, Richard VanGrunsven, ya zana shi a jihar Oregon, kamfaninsa kuma a wargaje yake sayar da shi ga masu sha'awa, su haɗa a garejin gida, su hau su tashi. Aka yi masa gyare-gyare, aka sa masa injin Lycoming mai ƙarfin doki 180, aka raɗa masa suna Air Beetle. Na gwaji ya tashi a 1989, aka kuma harhaɗa guda 60 a Kaduna cikin shekarun 1990.

An yi ta cece-kuce a kansa. Masu yabo suka ce Najeriya ta ƙera jirgi, masu kushe suka ce haɗa kayan wani ne kawai. Ni dai ina ganin kowannensu ya yi gaggawa. Jirgin alminiyon dubban ƙananan ƙusoshi ke riƙe da shi, kowace sai an huda mata rami daidai, an daɓe ta daidai, don rayuwar ɗan wani ce za ta rataya a kai. Hannun da ya koyi wannan ba ƙaramin abu ya koya ba. Amma zanen na Oregon ne, injin na Amurka ne, kuma da aka gama na 60 ba a ɗora wani sabo a kai ba. Ɗaruruwan matuƙa sun fara tashi da shi a Kaduna, ya tsufa, daga ƙarshen 2016 Super Mushshak na Pakistan ya karɓe shi. Zaren ya ci gaba ta wata hanya, a makarantar fasaha ta sojan sama, AFIT, wadda ta samo asali daga makarantar horar da makanikai ta 1977. Can aka yi aikin jirage marasa matuƙi. Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da Gulma a Kaduna a Disambar 2013, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi ran 15 ga Fabrairu, 2018. A waje da bariki kuma akwai irin su Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, ya kuma ɗaga shi 'yan ƙafafu daga ƙasa. Shi jikan jirgin kara ne, ba na kwali ba.

Yau mai sha'awar ɗan jirgin roba a Kaduna ta intanet yake odarsa, ko ya roƙi mai dawowa daga waje ya riƙo masa. In ya buɗe zai tarar da sassan a manne da rassan roba, kowanne da lambarsa. Da reza zai yanko, ba karyawa ba, ya goge bakin da samfefa mai laushi, ya gwada zaman yanki kafin ya kusanto da gam. Gam ɗin wannan aiki narkar da robar yake yi har biyu su zama ɗaya, saboda haka ɗigo ɗaya a gilashin matuƙi ya isa ya dusashe shi har abada. Ana fara fentin ɗakin matuƙi kafin a rufe gangar jiki. Jirgi mai taya a hanci, irin MiG-17, sai an cusa masa 'yar dalma a gaba, in ba haka ba da jela zai zauna. Tambura kuma a ruwa ake jiƙa su, su sulɓe daga takarda a zaunar da su da buroshi. Takardar cikin kwalin dai ba ta san Kaduna ba. Ba ta san ƙurar hunturu da ke sauka kan ɗanyen fenti ta mai da shi gautsi ba, shi ya sa mai wayo ke kifa roba a kai da zarar ya ajiye buroshi. Ba ta san zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ba, wanda ke busar da fenti tun yana bakin buroshi. Sau da yawa ma tambarin kore-fari-kore ba ya cikin kwalin, sai dai na Rasha ko na Faransa, sai mutum ya nemi nasa ko ya zana.

Sai dandamalin da za a ɗora jirgin a kai, kuma nan ne aikin ya fi daɗi. Tsoffin kwalaye da 'yar ƙafar roba mai haske suke zuwa, a soka ta a cikin jirgi ya tsaya yana tashi. A shekarun 1970 wani Ba'amurke, Sheperd Paine, ya yi wa kamfanin Monogram 'yan takardu da ake sakawa cikin kwali, masu nuna yadda za a gina wa jirgi wuri: ƙasa, ciyawa, makanikai, tabon mai. Daga nan mutane da yawa suka gane jirgi a fili wofi rabin labari ne. Wurin kuwa ba a sayo shi daga waje. Ciyawar roba da ake sayarwa a Turai koren Turai ce. In Hurricane ne a Maiduguri a 1941, ko Air Beetle a Kaduna a watan Janairu, ƙasar da ciyawar da hasken duk na nan ne, kuma a ƙofar gida suke.

Daga wurin kafinta ake farawa. "Baba, don Allah guntun katako nake so, wanda ba ka bukata." Zai dube ka ta saman tabarau. "Na mene ne, ɗana?" In ka ce filin jirgi za ka gina, dariya zai yi, amma zai tono maka a ƙarƙashin benci, wataƙila har ya goge maka gefen. Murabba'i mai santimita 20 ya ishi MiG-17, wanda faɗinsa ya ɗan wuce santimita 13 a wannan ma'auni. C-130 kuwa santimita 56 ne, sai a nemi rabin tebur. A shafe katakon da banish ciki da baya, don in gefe ɗaya kawai ya sha ruwan gam, zai bankare kafin mako.

Kuskuren kowa na farko yashi ne. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, in aka ninka ta sau 72, dutse ce mai santimita bakwai, ba jirgin da zai sauka a irin wannan fili ya tashi da tayoyinsa. Jar ƙasa ake nema, busasshiya, a daka ta, a tankaɗe kamar yadda ake tankaɗen garin tuwo, a sake tacewa da tsohon ɗankwali. A tsinka farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, da ruwa, a shafa, a barbaɗa garin ƙasar, a bari ya kwana, a karkaɗe ragowar. Kada a yi wa gam ɗin rogo ko na fulawa sha'awar araha, kyankyasai za su gode. Ciyawar rani daga igiyar rama take fitowa: a warware, a yanka guntu-guntu kada su wuce milimita biyar, don hakan ma ciyawa ce mai kai wa ƙauri, a dasa tsibi-tsibi, ba a jere ba. Launinta ma ba ya bukatar fenti. Daɓen siminti kuwa kwali ne mai kauri, a ja masa layuka da bakin ƙusa, a shafa toka-toka, a ɗiga baƙin fenti da aka tsinka sosai a inda injin ke tsayawa. Duron mai santimita ɗaya ne da 'yan kai, guntun bututun biro ya isa. Wanda ya san ƙasarsa zai kafa ɗan suri a gefe, ya kuma bar sawun taya a jar ƙasar tun tana da danshi. Shi jirgin kada a daidaita shi da gefen katako, a ɗan karkata shi, ido ya fi yarda da haka. A ƙarshe a je wa mai yankan gilashi ya haɗa murfi, in ba haka ba hunturu ɗaya zai binne aikin, kuma kada a ajiye inda rana ke shigowa ta taga.

Hurricane da Blenheim da MiG-17 da Alpha Jet da Bulldog duk akwai su a kwali, Airfix ma ya sake sabon MiG-17 a 2019. Air Beetle kuwa manyan kamfanonin nan ba su waiwaye shi ba, don haka mai son ajiye shi sai ya koma hanyar Stevens ta 1932, ya ɗauki rula da wuƙa. Faɗin fukafukan RV-6A mita bakwai ne, wato santimita 9.7, tsawonsa kuma wajen santimita takwas da rabi. Gilashin matuƙi ana samunsa daga robar kwalin magani: a sassaƙa siffar da itace, a gasa robar sama-sama a kan kyandir har ta yi laushi, a danna ta a kai. Gangar jikin kuma katako mai laushi take so, mara jijiya, wanda wuƙa ke bi ba gardama. Masu wannan sana'a a Ingila sun daɗe suna sayen wani farin katako mara nauyi da ake kira obeche, suna biyan kuɗi mai kauri kan 'yan sille-sille. Daga dazukan kudancin Najeriya da maƙwabtanta ake saro shi, kuma masu sayar da katako a Kaduna sun san shi da sunan nan.